Goma Sha Biyu

Buhun fulawa uku Mma Sanatu ta saya
wajen mai gasa burodi a Asawase,
watan da ta shiga na haihuwata.
Ta farke ɗinkin da haƙori,
ta dafa su da toka da sabulun salo
har sunan kamfanin ya dushe,
sai wani jan harafi da ya ƙi fita.
Ta yanka goma sha biyu, ta kalmashe bakinsu da dare,
fitilar ƙwai na hayaƙi kusa da gwiwarta.

A cikinsu na fara zaman duniya.
Bayana Mutawakilu.
Bayansa Asana da Fuseina,
su suka koya wa gidanmu lissafi:
kunzugu goma sha biyu, jarirai biyu,
ga ruwan Kumasi
da ba ya shawara da mai shanya.

Idan sama ta haɗe, igiya ta dawo ɗaki,
daga ƙusar taga zuwa ƙusar ƙofa,
kurfoti a ƙasa yana huci.
Babanmu ya fita sayar da goro
rigarsa na warin gawayi da man kaɗe.
Maame Afrakoma ta ɗakin ƙarshe
ta ara mana biyu,
da shuɗin zare a kusurwa don kar su ɓace cikin namu.

Ba a ɗaura wanda bai sha guga ba.
Akwai ƙudan da ke ƙwai a jiƙaƙƙen tsumma,
tsutsarsa ta kwana a fatar yaro.
Ni ke hura dutsen guga, ita ke dannawa.

Na ga yadda take yi:
fil a bakinta,
yatsu biyu tsakanin ƙyalle da cibiya.
In zai soki wani, ita zai soka.
Kuma ba ta wankewa sai ta duba.
Wannan haƙori ne ke tafe, in ji ta,
wannan kuwa wani ya ɗura wa yarinyar koko a ɓoye.

Shekarata bakwai.
Bokiti huɗu daga famfo kafin makaranta,
hannuna ya yi fari, ya tattare kamar na tsohuwa.
Wata Laraba na ɗauki mafi muni cikinsu,
mai jan harafin nan,
na riƙe shi da tsinke har bakin rafin Aboabo,
na sake shi.
Na ce akuya ce ta janye daga igiya.
Mma ta ƙirga sau biyu,
ta dube ni, ta ci gaba da matsa.

Sauran sun tsufa a bakin aiki.
Wani ya koma sauke tukunya,
wani goge keken ɗinki,
wani gammo.

Bara ƙafafunta suka ajiye ta.
Na sayo famfas na manya a kemis,
ta kwana ɗaya da shi, ta ce, cire mini ledar nan,
tana dafa ni.
Na zaga Kejetia har la'asar,
buhunan yanzu duk roba ne,
na dawo da yadin akoko.
Na yanka, na kalmashe, na dafa.
Igiya ta koma tsohuwar ƙusarta.

Ba kullum take gane ni ba.
Wataran ni ce ƙanwarta da ta rasu a Salaga,
wataran mai kawo ruwa.
Shekaranjiya ina ɗaura mata, fil a bakina,
yatsuna biyu a kan cikin da na fito,
sai ta ɗaga ido tana bin igiya da leɓe.

Nawa ne?
Na ce, goma sha biyu, Mma.
Ta ce, to ki kula da akuyar nan mai ƙafa biyu.

Dariya ta kama ta har da tari,
sai da na sake canja mata wani.